Ambulan Ɗin da Ke Fita ta Ƙofar Kibo

Duk wanda ya saba tsayawa jiran keke a Ƙofar Kibo da hantsi ya san ambulan ɗin nan. Babba ne, ruwan ƙasa, ya fi ƙarfin aljihu, ya fi ƙarfin jakar hannu, don haka a fili ake ɗaukarsa. Za ka ga dattijo a bayan achaba ya rungume shi a ƙirji kada iska ta fizge, ko mace ta rufe shi da gefen hijabi kusurwarsa na leƙowa, ko yaro ya ɗora shi a ka yana tare rana yana biye da kakarsa. Ba sai ka tambaya ba, hoton asibiti ne a ciki, na ƙirji, ko na baya, ko na ƙafar da ta karye. Wasu Shika suka nufa, wasu Tudun Wada, wasu Saye wurin masu duba tari, wasu kuwa daga ɗakin hoto na kuɗi suka fito, gida za su koma.

In ya iso unguwa sai ya zaga. A zaure ko a majalisa za a zaro baƙar ledar nan mai tauri a ɗaga ta saitin rana, kowa ya matso, wannan ya ce ga tsagewar nan, wancan ya ce a'a, ai haƙarƙari ne. Har wasu masu ɗori yanzu sukan ce a fara kawo musu hoto su gani kafin su taɓa ƙafa, kuma wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Daga nan sai a cusa shi ƙarƙashin katifa ko a jefa saman sif, zafi ya lanƙwasa shi, damina ta manne shi da takardarsa. Ranar da wani likita zai tambayi tsohon hoto, sai a ce ai ya ɓata, a yi wani.

Mun saba da hoton nan har ya zama ɗan gida, amma hasken da ke yin sa, wanda masana ke kira rediyeshon, ba mu san halinsa ba. Shi ya sa tsoronmu ya tashi ya sauka a inda bai kamata ba. Muna sakaci a wurin da ake son hattara, muna firgita a wurin da babu komai, wani lokaci ma muna gudun abin da zai ceci rai. Alhali kuwa an shafe fiye da shekara 120 ana bin diddigin abin da hasken nan ke yi wa jikin ɗan Adam, kuma akasarin abin da aka gano ba ya da wuyar fahimta.

A ɗakin hoto abin ba ya cin minti biyar. Mai ɗauka zai ce, “Baba, a cire riga da duk wani ƙarfe. A manna ƙirji a jikin allon nan, a ɗora haɓa a nan.” Ya gyara maka kafaɗu, ya juya ya shige bayan wani bango mai ƙaramar taga, daga can ya ɗaga murya: “A ja numfashi. A riƙe. Kada a motsa.” Ƙara kaɗan, sai ka ji ya ce, “To, a saki.” Ba zafi, ba wari, ido bai ga komai ba. Kuma da wuya a sami wanda bai taɓa tambayar kansa ba: in abin nan ba ya cutarwa, me ya sa shi ya ɓuya ya bar ni?

Tambaya ce ta hankali, amsarta kuma lissafi ce. Kai sau ɗaya ka tsaya a wurin, ƙila ba za ka sake ba sai bayan shekaru. Shi kuwa kullum yana ɗakin, daga safe zuwa la'asar, har ya yi ritaya. Abin da ba ya komai in ya zo sau ɗaya, yana taruwa in ya zo sau dubbai. Don haka aka saka dalma a bangon da gilashin tagar, aka kuma maƙala masa wani ɗan baje a gaban riga, mai tara lissafin hasken da ya taɓa shi, a kai shi a karanta bayan 'yan watanni. A nan Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen da ke irin wannan awon.

Da jikin mutane aka sayi wannan ilimi. A watan Nuwamban 1895 wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, kuma kafin shekara ta zagayo asibitocin Turai da Amurka sun rungume shi. Ma'aikatan farko da hannunsu suke gwada na'ura kowace safiya, su ga ko ta yi ƙarfi. Clarence Dally, yaron aikin Thomas Edison, haka ya yi ta yi har fatar hannunsa ta soma gyambo, aka yanke hannuwan biyu, ya rasu a 1904. A shekarun 1920 'yan matan da ke shafa fentin radiyom a fuskar agogo a Amurka suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, daga baya muƙamuƙansu suka riƙa ruɓewa. Ita kanta Marie Curie, wadda ta gano radiyom tare da mijinta, cutar lalacewar ɓargo ce ta yi ajalinta a 1934. A birnin Hambag na Jamus an kafa dutsen tunawa a 1936, ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikata fiye da 150 da aikin ya kashe. Bangon da mai hoto ke shigewa bayansa daga wannan asarar ya samo asali.

Me hasken ke yi a ciki? Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da wani dogon zare mai tufka biyu, wanda ake kira DNA, a jikinsa aka rubuta yadda ƙwayar za ta rayu ta hayayyafa. Rediyeshon in ya ratsa yakan tsinka zaren. Mutumin Zazzau da ya taɓa zama kusa da masu aikin babbar riga zai gane sauran: in sili ɗaya ya tsinke, maɗinki ya dubi na gefensa ya ƙulla, ba mai ganewa; in wurin ya yanke gaba ɗaya, ƙullin na iya zuwa a karkace, kuma duk aikin da aka ɗora a kai zai bi karkatar. Jiki yana irin wannan gyaran dare da rana, kuma kusan kullum yana dacewa. Idan hasken ya zo da yawa a lokaci guda, gyara ya gagara, ƙwayoyi su mutu da yawa: fata ta ƙone, gashi ya zube, ɓargo ya daina yin jini. Idan kaɗan ne, babu abin da za a gani a ranar, sai dai ɗan ƙarin yiwuwar cewa wani ƙulli guda da ya karkace zai zama sankara bayan shekara goma ko ashirin. Tun 1906 wasu Faransawa biyu, Bergonié da Tribondeau, suka lura cewa ƙwayoyin da ke saurin rabuwa su suka fi jin jiki. A 1927 kuma Hermann Muller ya haska ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, ya nuna cewa hasken na canza abin da suke gadar wa 'ya'yansu, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1946.

To wa ƙwayoyinsa suka fi saurin rabuwa? Yaro, sai kuma wanda ya fi shi, ɗan tayi. A nan ne nake so in daɗe, don a nan al'adarmu da binciken suke karo.

Kafin a ɗauki mace hoton ciki ko ƙugu ko ƙasan baya, ana tambayarta, “Malama, kina da juna biyu? Yaushe rabonki da al'ada?” Yanzu ka dubi wadda ake tambaya. Amarya ce, wata huɗu da kai ta ɗaki, surukarta ce ta rako ta tana tsaye a bakin ƙofa, mai tambayar kuma namiji ne sa'an yayanta. Cikin fari ne, wanda ko mahaifiyarta ba ta iya buɗe baki ta gaya wa. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja bakin hijabi, ta girgiza kai. Ba ƙarya ta yi niyya ba, kunya ce aka tarbiyyantar da ita a kai, kuma kunyar nan abin so ce a wurare da yawa. Amma tambayar ba ta neman jin sirri ba ce. Wata likita ce 'yar Ingila, Alice Stewart, ta jawo ta. A farkon shekarun 1950 ta ga sankarar jini na ƙaruwa a tsakanin yara, sai ta sa aka bi gidajen da suka rasa yaro da gidajen da ba su rasa ba, ana yi wa iyaye mata tambayoyi iri ɗaya. A 1956 ta wallafa abin da ta samu: yaran da aka ɗauki hoton cikin uwarsu suna ciki sun kusan ninka sauran wajen mutuwa da sankara. Manyan likitoci suka ƙi yarda, aka yi fiye da shekara 20 kafin a daina ɗaukar masu ciki hoto barkatai. Binciken baya ya nuna ƙarin haɗarin bai kai ninki biyu ba, kuma na'urorin yau sun fi na zamaninta taƙaita haske nesa ba kusa ba, amma asalin maganarta ta tabbata.

Gyaran nan ba ya bukatar kuɗi. Mai ɗaukar hoto ya ce wa mai rakiya, “Hajiya, a ɗan jira mu a waje,” ko a kira ma'aikaciya mace ta yi tambayar a hankali. Ita kuma yarinyar a gaya mata tun daga gida cewa ko zato take yi, ta faɗa. In ta faɗa ba korarta za a yi ba. Likita na iya ɗage hoton, ko ya koma ga sikanin, ko ya ga larurar ta kai a yi, a taƙaita hasken. Hoton ƙirji ko na hannu ko na haƙori abin da ke kaiwa ga ciki daga gare su ƙanƙane ne ƙwarai. Wadda kuma aka riga aka ɗauka kafin ta san tana da ciki, kada ta tayar da hankalinta, kada kuma wani ya ba ta mummunar shawara. Ta koma ta sanar da likita, hoto ɗaya da wuya ya kai inda zai taɓa halittar jariri.

Mafi yawan abin da duniya ta sani game da ƙaramin haske da doguwar shekara daga Hiroshima da Nagasaki ya fito. Daga 1950 aka ware mutum kimanin 120,000, akasarinsu waɗanda suka tsira daga bama-baman 1945, aka ƙiyasta hasken da kowa ya sha gwargwadon nisansa da inda bam ya fashe da abin da ya kare shi, aka bi rayuwarsu har zuwa yau. Sankarar jini ce ta fara bayyana, cikin 'yan shekaru. Ta nono da huhu da hanji da sauransu sai bayan shekara goma suka soma nunawa, kuma waɗanda abin ya same su suna yara sun fi ɗaukar haɗarin. Zuwa 2003, a cikin mutum kimanin 86,000 da aka san adadin haskensu, kusan 11,000 sun mutu da sankarar da ba ta jini ba, daga ciki kimanin 500 ne lissafi ya ɗora wa bam. Ɗari biyar rayuka ne, ba abin rainawa ba, amma adadin ya gaza abin da mutane ke zato. Kuma 'ya'yan da suka haifa daga baya, da aka bi su su ma, ba a ga ƙarin nakasa ko cutar gado a cikinsu ba. Fashewar tukunyar nukiliya ta Chanobil a 1986 ta ƙara darasi guda: yaran da suka sha madarar shanun da suka yi kiwo a gurɓatacciyar ciyawa, fiye da 6,000 daga cikinsu sun kamu da sankarar ƙullutun wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo.

Daga irin waɗannan alƙaluma aka fitar da ma'auni, ana kiransa milisibat. Kowane mutum a duniya yana shan kimanin 2.4 a shekara ba tare da ya je asibiti ba, daga ƙasa, da iska, da abinci, da sararin sama. Irin dutsen Kufena ma yana ɗauke da ɗan burbushin yuraniyom da toriyom tun ran da aka halicce shi, kuma kakanninmu a gindinsa suka rayu. Hoton ƙirji ɗaya kimanin 0.1 ne ko ƙasa da haka, wato abin da za ka sha a mako biyu kana zaune a gida. Wanda tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ƙirjinsa, aka ce ya je hoto ya ƙi don tsoron haske, ya yi wa kansa da iyalinsa mugun ciniki, domin tarin fuka yana kisa yana kuma yaɗuwa. Hoton CT, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin zobe, shi ne mai nauyi: na ciki yakan kai 8 ko fiye, abin shekara uku. A 2012 an wallafa binciken yara da matasa kusan 180,000 da aka yi wa CT a Birtaniya, aka ga ƙarin sankarar jini da ta ƙwaƙwalwa yana bin yawan hasken, ko da yake a ƙididdiga abin bai wuce ƙarin mutum ɗaya na kowace cutar ba a cikin hotunan kai 10,000 na ƙananan yara. Yaron da ya faɗo daga bene ya suma, CT na iya zama silar tsirarsa, a yi masa ba tare da jinkiri ba. Wanda ake ja da shi shi ne na biyu da na uku da aka yi don na farko ya ɓata, ko don an canza asibiti ba a tafi da shi ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shigo mana, ta ɗaukar hoto kamar shi ne maganin. Za ka ji mutum ya fito daga wurin likita yana ƙorafi, “Ko hoto bai yi mini ba.” Wani ma ba ya jiran likita, kansa tsaye zai je ɗakin hoto na kuɗi ya ce a duba masa bayansa, bayan wata biyu ya koma. Likitan da ya saurare ka, ya taɓa ka, ya ce ba ka bukatar hoto, ya yi maka aiki, ya kuma bar maka kuɗinka. Masu ɗakunan hoton su ma akwai hukumar da doka ta ɗora wa ba su lasisi da duba bangonsu da na'urorinsu, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda dokar 1995 ta tanada, ta soma aiki a 2001. Ba laifi ba ne ka tambayi mai wuri ko yana da takardarta.

Duk wannan sakaci muna yin sa, amma bari a zo kafa ƙarfen sabis a unguwa ka ji yadda hankali ke tashi. An bar jaki ana dukan taiki. Igiyar da ke ɗauko maganar waya, da ta rediyo, ba ta da ƙarfin tsinka zaren da na ambata. A 2011 hukumar binciken sankara ta duniya ta saka ta a rukunin abubuwan da ba a gama wanke su ba, aka ci gaba da bincike, a 2024 kuma wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63, bai sami alaƙa tsakanin wayar hannu da sankarar ƙwaƙwalwa ba. Maƙwabcin ƙarfen sabis in zai yi kuka, ya yi a kan ƙara da hayaƙin janareto. Haka sikanin da ake yi wa masu awon ciki, sauti ne, babu rediyeshon a cikinsa ko kaɗan. Hasken da ke cin mutane a gabanmu kullum kuwa ba mai kula shi, wato rana a jikin zabiya. Sankarar fata na hallaka zabiya da yawa a Afirka tun suna matasa, abin da malafa da riga mai dogon hannu da inuwa da man kariya za su rage ƙwarai. Yaro zabiya da aka ɗora wa talla da tsakar rana an zalunce shi.

Mutane da yawa a cikin birni ba su ma san cewa tukunyar nukiliya ɗaya tilo da Najeriya ke da ita a Zariya take ba, a cibiyar makamashin nan ta jami'a. Ƙirar Sin ce, ta fara aiki a watan Fabrairun 2004, ƙarfinta kilowat 30 ko ɗan sama, ba ta ba da lantarki. Aikinta a saka ɗan samfurin ƙasa ko ma'adini ko abinci a gane sinadaran da ke ciki, da horar da ɗalibai. Tukunyar da ta fashe a Chanobil ta ninka ta ƙarfi kusan sau 100,000. A 2018 an cire mata yuraniyom mai ƙarfi, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun masu haɗa makami, aka mayar da shi Sin, aka sa mata mai rauni.

Dattawanmu suna da dalilin da ya sa kalmar nukiliya ke tayar musu da tsikar jiki. Ranar 13 ga Fabrairun 1960, tsakiyar hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Raggan, cikin Saharar Aljeriya, wurin da bai kai kilomita 2,000 daga nan ba, bam ɗin kuma ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Daga Sahara iskar hunturu ke taso mana. Da aka yi gwaji na uku a Disambar shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragenta sauka, ƙasa tana da wata uku kacal da samun 'yanci. Wannan damuwar ce ta haifar da sashen kariya daga rediyeshon na farko a ƙasar, a Jami'ar Ibadan, a 1964. Hazon da muke shaƙa yau kuwa, awon da aka yi wa ƙurar Sahara da ta kai Turai a 2022 ya sami ɗan burbushi a ciki, ƙasa ƙwarai da abin da zai cutar. Illar hazo a yanzu ita ce ƙurar kanta a ƙirjin mai asma da tsoho da jariri.

Tsoron da ya fi ci mini rai shi ne na gashin sankara. Mace ta ji ƙullutu a nono, ta ɓoye, ta zaga masu magani, sai abin ya fashe sannan a ɗauko ta zuwa Shika. Likita ya ce za a yi aiki a bi da gashi, dangi su koma gefe su yi shawara, wani ya ce ai wance da aka gasa ba ta yi wata uku ba, a tattara a koma gida. Wancen da ake misali da ita, galibi cutar ce ta riga ta ci jikinta kafin a kawo ta. Gashin sankara amfani ne da ƙa'idar nan ta 1906: ƙwayoyin sankara suna saurin rabuwa, ba su iya gyaran zarensu kamar lafiyayyu, don haka ake auna wurin, a saita haske mai ƙarfi a kansa kaɗai, a raba shi kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako har makonni, don naman kirki ya riƙa samun sararin farfaɗowa. Akwai gajiya, fatar wurin takan yi duhu ko ta saɓule, amma ba wuta ake sa wa mutum ba. Wanda aka haska daga waje kuma ba ya tafiya gida da hasken a jikinsa. A ci abinci kwano ɗaya da shi, jikoki su hau cinyarsa, kada a ware masa kofi. Kimanin rabin masu sankara suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Abin kukanmu na gaskiya shi ne na'urorin sun yi kaɗan a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, har mara lafiya ya taso daga wata jiha ya zo ya bi layi na makonni.

Wasu na'urorin gashin, da na masu duba walda a bututun mai, da na masu haƙar rijiyoyinsa, ba da lantarki suke yin haskensu ba. Wata 'yar ƙwaya ce a ciki, ta kobal ko siziyom, a kulle cikin dalma mai kauri, ba a kashe ta, ba ta daina fitar da haske dare da rana. Kobal sai ya shekara biyar da 'yan watanni kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, siziyom shekara 30. Ko ta yi raunin da ba ta amfanar asibiti, tana iya kisa. Wannan ne ke zuwa mini a rai in na ga yaran nan 'yan gwangwan suna tura baro a lungunan birni, suna sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli, ko na wuce inda suke zaune da guduma da kurfi suna fasa duk abin da ya zo don su ciro jan ƙarfe da dalma. Abu mai nauyi shi ne riba a sana'arsu.

A watan Satumban 1987, a birnin Goyaniya na Barazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka kwance kan na'urar gashi, suka fasa, suka sayar wa mai jari-bola. Da dare ya ga wani gari a ciki yana ba da shuɗin haske, ya yi sha'awa, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi, ta ci abinci da hannun. Mutane suka fara amai da gudawa, ana zaton abinci ne. Matar mai jari-bolan ce ta gane cewa tun zuwan abin nan gidan bai ga lafiya ba, ta saka shi a jaka ta hau bas ta kai wa jami'an lafiya. Ta ceci birnin, amma ita da yarinyar da ma'aikatan wurin biyu sun rasu. Sai da aka auna mutum kimanin 112,000, aka sami 249 da abin ya taɓa, aka rushe gidaje. Irin haka ya sake faruwa a Tailan a 2000, da kasuwar tsohon ƙarfe ta Delhi a 2010. Kusa da mu, a Arlit ta Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, masu awo daga Faransa a 2003, da ƙungiyar Greenpeace a 2009, sun tarar da gurɓatattun ƙarafan ma'adinin ana sayarwa a kasuwa, mutane na saye suna aikin gida da su.

Akwai alamar da duniya ta yarda da ita, ana buga ta a jikin irin waɗannan kaya da ƙofar ɗakin hoto: fuka-fukai uku baƙaƙe kewaye da ɗigo, a kan rawaya. Yaranmu masu wannan sana'a akasarinsu ba wanda ya taɓa nuna musu ita. Ina roƙon shugabannin 'yan gwangwan na Zariya, da masu unguwanni, da malaman da almajiransu ke fita wannan nema, su sa a zana ta a bangon kowane wurin awon ƙarfe, a gaya wa yara ma'anarta. Duk wanda ya ci karo da ƙarfe mai wannan alama, ko wani ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa a kulle cikin dalma, kada ya fasa, kada ya sa a aljihu, kada ya kai gida. Ya bar shi inda yake, ya matsa nesa, ya hana yara zuwa, ya sanar da 'yan sanda su kira hukumar nukiliya ko masanan cibiyar jami'a.